TABAR WIWI DA ƘANANAN YARA: ABUBUWAN DA KE JAN YARO YA FARA SHA TUN DA WURI

Darasi ga iyaye, malamai da shugabannin jama'a, tare da misali daga Jere da kudancin Jihar Kaduna

GABATARWA

Jama'a, an shirya wannan ɗan littafi ne domin a amsa tambaya ɗaya wadda iyaye da yawa ke yi bayan aikin gama ya riga ya gama, watau, yaya aka yi yaron nan ya fara shan wiwi muna zaune ba mu sani ba? Amsar ita ce, ba rana ɗaya abin yake faruwa ba. Kafin yaro ɗan shekara 12 ko 13 ya kai naɗin farko bakinsa, akwai abubuwan da suka daɗe suna share masa hanya, waɗansu a gida, waɗansu a makaranta, waɗansu a tasha da kasuwa, waɗansu kuwa a cikin zuciyarsa. Likitoci da masana tarbiyya sun yi shekaru suna bin diddigin waɗannan abubuwa, har sun san mafi yawansu. Wanda ya san su zai iya tare ɓarna tun tana nesa. Saboda haka muna roƙon mai karatu ya karanta a tsanake, sa'an nan ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

1. MECE CE TABAR WIWI?

Wiwi tsiro ne mai ganye kamar yatsun hannu. Akan busar da ganyensa da furensa, a naɗe a takarda a sha kamar sigari. Waɗansu sukan dafa shi a shayi, ko su zuba a abinci, har ma akwai masu cusa shi cikin kek da biskit da alewa, abin da ya sa yaro zai iya ci bai san abin da ya ci ba. Sinadarin da ke bugarwa a cikinsa ana ce da shi THC, kuma a shekarar 1964 ne masana biyu, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka tantance shi. In an zuƙi hayaƙin, sinadarin yakan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Masana tarihi da yawa suna ganin shan wiwi ya bazu a Nijeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa suka komo daga Indiya da Bama. Zuwa shekarun 1960 likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, Farfesa Adeoye Lambo da Farfesa Tolani Asuni, sun riga sun fara rubutu a kan masu shanta da ake kawo musu. Yawancin wadda ake sha a ƙasar nan a dazuzzukan jihohin Ondo, Edo, Ekiti, Osun da Delta ake noma ta, sa'an nan a ɓoye ta cikin kaya a yi Arewa da ita ta manyan hanyoyin mota. Ban da ita kuma, akwai masu ƙarfi da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, irin waɗanda matasa ke kira Loud da Colorado. Waɗannan sun fi ta gida bugarwa nesa ba kusa ba.

2. GIRMAN MATSALAR A ƘASARMU

A watan Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna cewa mutum wajen miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da sigari, a cikin shekara guda. Wannan ya kai kashi 14.4 cikin ɗari na mutanen da ke cikin waɗannan shekaru. Daga cikinsu mutum miliyan 10.6 wiwi suke sha, watau ita ce kan gaba. A shiyyar Arewa maso Yamma, wadda Jihar Kaduna ke cikinta, masu shan kayan maye sun kai wajen miliyan 3. Har ila yau, cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Binciken ya ce matsakaicin shekarun fara shan wiwi 19 ne. Sai a lura da ma'anar matsakaici. In waɗansu sun fara suna da shekara 25, lalle waɗansu sun fara suna da 13 ko 14. Waɗannan na ƙasa su ne abin damuwarmu a wannan darasi, domin su ne ɓarnar ta fi yi wa illa.

3. DON ME FARAWA DA WURI YA FI HAƊARI?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Sashen da ke can gaban goshi, wanda ke auna abu kafin a aikata, ya hana mutum bin son zuciya, shi ne na ƙarshen nuna. Sinadarin wiwi kuwa yana shiga ne daidai hanyoyin da ƙwaƙwalwa ke amfani da su wajen wannan gini. Misalinsa kamar a taka daɓen siminti ne kafin ya bushe: sawun yakan zauna.

Ga abin da bincike ya nuna:

(a) Cikin mutum goma da suka taɓa shan wiwi, wajen ɗaya yakan kamu, ta zame masa jaraba. Amma cikin waɗanda suka fara tun suna samartaka, ɗaya ne cikin shida.

(b) A ƙasar Suwidin an bi rayuwar samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka buga sakamakon a 1987. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba wajen sau shida a kamuwa da matsanancin taɓin hankali.

(c) A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara 1,037 tun daga haihuwa har suka kai shekara 38. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara tun suna yara, suka kuma dawwama a kai, kaifin basirarsu ya ragu. Masana na ci gaba da muhawara a kan yawan raguwar, amma sun haɗu a kan cewa mai sha kullum yana fama da mantuwa da kasa tattara hankali, kuma ya fi sauƙin barin makaranta.

Darasin da ke nan a fili yake. Duk shekarar da aka jinkirta wa yaro haɗuwa da wiwi, riba ce gare shi da iyayensa.

4. DON ME MUKA ƊAUKI JERE MISALI?

Jeren da muke nufi ita ce ta Ƙaramar Hukumar Kagarko a Jihar Kaduna, ba ta Jihar Borno ba. Ba mu ɗauke ta don ta fi sauran garuruwa wannan matsala ba. Mun ɗauke ta ne domin mararraba ce. Tana bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, daga nan kuma hanya ta ratse zuwa Kagarko da Kwoi har Kafanchan, wata kuma ta nufi Bwari. Tun 2016 jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ya sami tasha a nan. Kafanchan ita ma mahaɗar jiragen ƙasa ce tun wajen 1927, kuma wannan ne ya tara mata jama'a daga ko'ina. Yankin ƙasar noma ce, musamman citta, wadda Kachia, Kagarko da Jaba suka yi suna a kanta. Hausawa, Fulani, Gbagyi, Koro, Ham, Bajju, Atyap da sauran ƙabilu suna zaune a yankin, Musulmi da Kirista.

Hanya alheri ce, tana kawo ciniki da aikin yi. Amma motar da ke kawo alheri ita ce kuma ke iya ɗauko mugun kaya. Duk abin da za mu faɗa a kan Jere ya shafi kowane gari da ke bakin hanya ko mai babbar tasha, ko Tafa ce, ko Mararrabar Jos, ko Kwanar Ɗangora, ko Zuba. Mai karatu ya sa sunan garinsu a wurin, zai ga maganar ta zauna daidai.

5. ABUBUWAN DA KE SHARE WA YARO HANYA

Na ɗaya: abin da ya gani a gida

Makarantar farko ita ce gida. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa, ko wansa, ko kawunsa yana shan wiwi, ko giya, ko ƙwaya, ya riga ya koyi cewa abin ba wani abu ba ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mafi muni shi ne aiken yaro ya sayo sigari ko wani abin maye, ko a ce ya kunno. Ta haka ya san wurin sayarwa, ya san farashi, mai sayarwa kuma ya san shi. Bayan wannan, binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da hannu wajen saurin kamuwa, har kusan rabin haɗarin. Saboda haka gidan da aka san akwai mai jarabar sha a zuriyarsu, su ya fi kamata su sa ido.

Na biyu: rashin sa ido

Wannan shi ne babban ramin da yara ke faɗawa. Uba ya fita tun asuba zuwa gona ko kasuwa, ko yana aiki a Abuja sai ƙarshen mako yake dawowa. Uwa tana fama da ƙanana da sana'a. Ba wanda ya san inda yaro yake daga la'asar zuwa bayan isha'i. A gidaje da yawa, da zarar yaro ya kai shekara 12 sai a mai da shi shago ko ɗakin samari a ƙofar gida, inda yake kwana da waɗanda suka girme shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan mutuwar aure, in ta sa yaro yana yawo tsakanin gidan uba da gidan kaka, kowa yana zaton yana wurin ɗayan.

Tsanani fiye da kima shi ma rami ne. Yaron da ba ya jin komai daga mahaifinsa sai tsawa da bulala, zai koyi ɓoye sirrinsa, ya nemi mai saurarensa a waje.

Na uku: abokai da majalisa

Da wuya ka sami yaron da ya je da kansa ya sayi naɗin farko. Kusan kullum aboki ne ke miƙa masa, kyauta, yana cewa ɗanɗana ka ji. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A duk binciken da aka yi, samun aboki mai sha yana cikin manyan alamun cewa yaro zai fara. Haɗarin ya fi yawa in abokan sun girme shi, domin yana son su ɗauke shi namiji, kada su kira shi yaro ko matsoraci. Ga 'yan mata kuwa, sau da yawa saurayi ne ko babbar ƙawa ke fara ba su, galibi a wurin biki ko a cikin abin sha.

Na huɗu: rabuwa da makaranta

Yaron da ke cikin aji yana ƙarƙashin idon babba awa biyar ko shida a rana, kuma yana da abin da yake hange a gaba. Wanda ya fita ya rasa duka biyun. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, amma duk da haka Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Matsalar takan fara ne tun yaro yana cikin makarantar: ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, ana yi masa dariya, sai ya soma fashi, daga nan ya sami 'yan'uwansa masu fashi a bayan katanga. Almajirin da aka kawo daga nesa, malaminsa yana da ɗalibai fiye da yadda zai iya lura da su, shi ma yana cikin wannan haɗari, musamman in bara ta kai shi tasha.

Na biyar: aikin ƙarfi da kuɗi a hannun yaro

A gari irin Jere yaro yana iya samun kuɗi tun yana ƙarami. Yana talla a bakin titi, ko dako, ko yaron mota, ko wankin mota, ko acaɓa, ko ƙwadago a gonar citta lokacin haƙa. Sana'a ba laifi ba ce, amma abu uku sukan haɗu a nan: gajiya, kuɗin da ba wanda ya san adadinsu, da zama cikin manya waɗanda waɗansunsu ke sha. Sai a ce masa wannan ganye yana sa ƙarfi, yana kashe gajiya, yana sa cin abinci. Gaskiyar magana ita ce wiwi ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Tana dusashe jin gajiya na ɗan lokaci, tana kuma rage saurin hannu da ido, abin da ke jawo haɗari ga mai tuƙi da mai aiki da inji.

Na shida: sigari, shisha da sauran ƙananan kayan maye

Yawancin yaran da suka sha wiwi sun fara ne da sigari. Wanda ya iya zuƙar hayaƙi ya riga ya ƙetare rabin hanya. Haka nan shisha, da shaƙar sholisho ko fetur, da shan maganin tari mai kodin, da tiramol. Wannan ba ya nufin duk mai shan sigari zai kai ga wiwi, amma ƙofar ta nan take. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigari, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Mai tireda ko mai kemis da ke sayar wa yaro waɗannan abubuwa yana karya doka, kuma haƙƙin unguwa ne ta gaya masa.

Na bakwai: baƙin ciki da firgici

Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum wajen 17,000, wanda aka soma bugawa a 1998, ya nuna cewa wahalar ƙuruciya tana bin mutum har girma. Duka mai tsanani, fyaɗe, ganin ana dukan uwa, rashin kulawa, duk suna ninka yiwuwar yaro ya fara shan kayan maye da wuri, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon haɗarin. Wannan ya shafi yankinmu ƙwarai. Kudancin Kaduna ya sha fama da rikice-rikice, kamar na bayan zaɓen 2011 a Kafanchan da Zonkwa, da hare-haren ƙauyuka a shekarun da suka biyo baya. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi fama da masu satar mutane, har aka kai wa jirgin ƙasa hari a ranar 28 ga Maris, 2022. Yaron da ya ga an kashe nasa, ko aka ƙone gidansu, ko aka sace mahaifinsa, yakan kasa barci, yakan firgita. In bai sami mai rarrashinsa ba, ranar da wani ya ba shi abin da ya sa shi barci, ya sami abin da zai riƙe. Irin wannan yaro magani yake nema, sai dai ya faɗa hannun mugun mai magani.

Na takwas: halin yaron kansa

Yara ba ɗaya ba ne. Akwai mai rawar kai, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, yana aikatawa kafin ya yi tunani. Akwai mai son gwada duk abin da aka hana. Akwai mai yawan faɗa da ƙarya da ɗauke-ɗauke tun yana shekara bakwai ko takwas. Akwai kuma shiru-shiru mai yawan damuwa, wanda ba ya iya shiga mutane. Duk waɗannan sun fi sauran yara haɗari. Ba mugaye ba ne, kuma zagi ba ya gyara su. Suna bukatar a ƙara jawo su jiki, a ba su aikin da zai ɗauke hankalinsu, in abin ya yi yawa a kai su ga likita.

Na tara: araha, da ganin abin ba komai ba ne

Inda wiwi ke da araha, ana sayar da ita a kangon gini ko bayan tasha kowa ya sani, ba mai magana, yaro zai ɗauka jama'a sun yarda da ita. Wayar hannu ta ƙara wa abin ƙarfi, domin yaro yana ganin mawaƙa da 'yan wasa suna busa hayaƙi cikin ado da dukiya. Yana kuma jin cewa ƙasashe irin su Kanada sun halatta ta a 2018. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, ko a can doka ta hana sayar wa yara. Sa'an nan akwai 'yan siyasar da ke tara samari lokacin zaɓe, su ba su kuɗi da kayan maye don su yi musu banga. Ƙanana suna kallon yayyensu, suna jiran nasu lokacin.

6. YADDA ZA A FAHIMCI WAƊANNAN ABUBUWA

Kada mai karatu ya ɗauka duk yaron da ke da ɗaya daga cikin waɗannan lalle zai sha. Marayu da yawa sun tashi lafiya lau, haka 'yan talla da almajirai da yawa. Kuma ana samun mai sha a gidan mai kuɗi da gidan malami. Abin lura shi ne taruwarsu. Alal misali, a ɗauki yaro ɗan shekara 12 wanda iyayensa suka rabu, ya bar makaranta a aji biyar, yana dako a tasha, yana kwana a shago da samari, ya kuma soma shan sigari. Abu biyar ke nan a kan yaro ɗaya. In aka cire biyu kawai, aka mai da shi makaranta, aka dawo da kwanansa cikin gida, an rage haɗarin ƙwarai ko da sauran suna nan.

7. ALAMUN DA IYAYE ZA SU LURA DA SU

Jan ido ba tare da ciwo ba. Wani irin wari a tufafi, ko yawan fesa turare da tauna cingam don ɓoye shi. Cin abinci fiye da kima a lokacin da ba a saba ba. Dariya ba dalili, ko yawan barci da kasala. Sauya abokai farat ɗaya, da ƙin kawo su gida. Faɗuwa a jarrabawa da fashin makaranta. Ɓacewar kuɗi ko ƙananan kaya a gida. Ashana, leta ko 'yar takardar naɗi a aljihu. Alama ɗaya ba hujja ba ce, domin shekarun balaga kansu suna sauya yaro. Amma in uku ko huɗu suka haɗu, lokacin zama da shi ya yi.

8. ABIN DA ZA A YI

Rigakafi ya fi magani, kuma an gwada an gani. A ƙasar Aisilan, a 1998, kashi 17 cikin ɗari na yara 'yan shekara 15 da 16 sun taɓa shan wiwi. Hukuma da iyaye suka haɗa kai: aka hana yara yawon dare, iyaye suka yi alkawarin ƙara zama da 'ya'yansu da sanin abokansu, aka buɗe wuraren wasanni da koyon fasaha bayan an tashi makaranta. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 7. Masu shan sigari kullum kuwa suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Ba wa'azin tsoratarwa ne ya yi wannan aiki ba, sauya yadda yara ke cin lokacinsu ne. Mafi yawan matakan nan ba sa bukatar kuɗi, kuma sun dace da tarbiyyarmu ta asali.

Ga iyaye: Ku san inda ɗanku yake, da wanda yake tare da shi, da lokacin da zai dawo. Ku sa lokacin rufe ƙofa. Ku san abokansa da iyayensu. Ku ci abinci tare ko da sau ɗaya a rana. Kada ku aike shi sayen sigari. In yana sana'a, ku san ubangidansa, ku san abin da yake samu. Ku yi masa maganar wiwi tun yana shekara tara ko goma, da gaskiya, ba da ƙari ba, domin in ya gano ƙarya ɗaya zai watsar da sauran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga malaman makaranta: Ku riƙa kiran suna safe da bayan tara, ku sanar da iyaye in yaro ya yi fashin kwana uku. Ku taimaki wanda karatu ya yi wa nauyi kafin ya fid da rai. Korar yaro daga makaranta saboda an kama shi sau ɗaya miƙa shi ne ga tasha. Akwai wani shiri mai darasi 12 da ake kira Unplugged, wanda aka gwada a makarantun sakandaren Gwamnatin Tarayya, yana koya wa yara yadda za su ce a'a ba tare da sun ji kunya ba.

Ga sarakuna, hakimai, dagatai da masu unguwa, limamai da fastoci: Ɗa na kowa ne. Ku san kangaye da lungunan da ake sayarwa, ku kai rahoto. Ku tsaya a kan 'yan siyasa kada su mai da 'ya'yanku 'yan banga. Ku kula da marayu da yaran da rikici ya raba da gidajensu. A wuri irin kudancin Kaduna, wannan aiki ne da masallaci da coci za su yi tare, domin dillali ba ya tambayar addinin yaro.

Ga shugabannin tasha, ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa da masu gareji: Yaran da ke hannunku amana ne. Ku hana sha da sayarwa a harabarku, kada kuma ku ɗauki yaron da ya kamata a ce yana aji.

9. IN YARO YA RIGA YA FARA

Kada a yi masa magana yana cikin maye. A bari ya wartsake, a zauna da shi a keɓe, a tambaye shi yaushe ya fara, wa ya ba shi, me yake ji in ya sha. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce za ta nuna ainihin ciwon. Kada a kore shi daga gida, kada a tona masa asiri a unguwa. Wanda ya saba sha, in ya daina, yakan yi fushi da rashin barci da rashin cin abinci na mako ɗaya ko biyu. Wannan yana wucewa, sai a yi haƙuri da shi.

In ya kasa dainawa, ko ya soma surutai, ko jin muryoyi, ko zargin ana binsa, a gaggauta kai shi asibiti. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashen masu shaye-shaye, babban asibiti mafi kusa kuma zai iya tura ku can. Hukumar NDLEA ita ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. A guji gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300, har da ƙananan yara, daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu cikin sarƙa da tabon duka. Sarƙa ba ta warkar da jaraba, sai ma ta ƙara wa yaro ciwon da ya kai shi sha tun farko.

10. MATSAYIN DOKA

Noman wiwi, sayar da ita, ajiye ta da shan ta duk laifi ne a Nijeriya. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, dokar da ta kafa ta kuma ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da kayan maye. A ranar 26 ga Yuni, 2021, aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye na ƙasa baki ɗaya. Amma tarihin nan kansa darasi ne: tsananin hukunci tun 1966 bai hana adadin masu sha kai miliyoyi ba. Doka tana kama dillali. Tsare yaro kuwa aikin gida ne da makaranta da unguwa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Don me fara shan wiwi a shekara 13 ya fi haɗari bisa farawa a shekara 25?
2. Cikin abubuwa tara da aka lissafa, waɗanne uku ne suka fi yawa a garinku?
3. Ina yaran unguwarku suke kwana, kuma wa ke lura da su daga magariba zuwa safe?
4. Wane mataki ɗaya unguwarku za ta iya ɗauka a wannan wata ba tare da kashe ko kwabo ba?

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci, shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai, da ƙungiyoyin mata da na matasa, su karanta wannan darasi a tarurrukansu, su amsa tambayoyin tare, sa'an nan su kai wa mai unguwa ko dagaci abin da suka yanke. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa maƙwabcinsa.